Yarinyar da Ba Ta Cin Kantu: Nazarin Wani Borin Jini a Ƙasar Gumel

Ana gab da kiran sallar isha'i suka iso, su uku a kan babur ɗaya. Uban yana tuƙi, kakar tana baya, yarinyar tana tsakiya kanta ya langaɓe a gadon bayan mahaifinta. 'Yar shekara 10 ce, daga wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, tafiyar minti 15 zuwa ƙaramin asibitin da nake aiki. Ni jami'in lafiyar al'umma ne, ko da yake mutanen yankin Likita suke kirana. Iyayenta sun yarda in ba da labarin nan bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na ƙauyensu.

Da na haska ta da tocila, leɓɓanta sun yi suntum, fatar idanunta ta kumbura har ba ta iya buɗe su sosai. Wuya da ƙirji da hannuwa duk sun yi ruɗu-ruɗu kamar an zane ta da tsumagiya. Ƙirjinta yana kuka, kana jin sa daga bakin ƙofa. Na tambaye ta sunanta, muryar ta dishe, ba abin da ya fito sai iska. Tafin hannunta sanyi ƙalau, bugun jijiyarta yana gudu amma da ƙyar yatsana yake jin sa. Kakar ta ce ta yi amai sau biyu a hanya.

"Likita, borin jinin nan ne ya sake tashi," in ji kakar. "A yi mata allurar nan da aka saba."

Na ce, "Iya, me ta ci?"

"Gidan biki muke. An raba wa yara kantu, suna ta gaɗa, sai gani muka yi ta durƙushe."

Allurar da take nufi deksa ce, wato deksametazon, maganin rage kumburi. Ban yi mata ita ba. Na fasa kwalbar adirinalin, na zuƙi 0.3 na mililita, na soka mata a naman cinya ta gefen waje. Wannan shi ne ƙa'idar yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Babba ana yi masa 0.5, wanda bai kai shekara 6 ba 0.15. Da na so kwantar da ita sai numfashin ya ƙara tsananta, don haka na sa kakar ta jingina ta a jikinta, ƙafafunta a miƙe bisa gado da matashi a ƙarƙashi. Na ajiye wayata a kan tebur ina kallon agogo. Minti 5 suka cika ba wani canji na a zo a gani, na ƙara mata allura ta biyu a ɗaya cinyar. Na ɗaura mata ruwa, na fesa mata salbutamol, maganin buɗe hanyoyin numfashi, ta cikin robar ruwa da muka huda. Ba mu da iskar oksijin a asibitinmu a daren, kuma wannan abu har yau yana ci mini rai. Uban yana tsaye a bakin ƙofa yana ta jan hasbunallahu.

Kamar minti 20 da isowarsu, kukan ƙirjin ya lafa, hannunta ya yi ɗumi. Ta buɗe ido ta ce, "Iya, ƙishirwa." Sai a lokacin na ba ta piriton saboda ƙaiƙayin fata.

Uban ya so su koma gida tunda ta farfaɗo. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, yau a babban asibiti za ta kwana." Irin wannan tashin yakan lafa, sannan ya dawo bayan wasu awoyi ba tare da an ƙara cin komai ba. Na kuma hana a ɗora ta a babur. Wanda jininsa ya yi ƙasa haka, idan aka miƙar da shi tsaye ko aka zaunar da shi farat ɗaya, zuciya kan rasa jinin da za ta harba, an sha rasa rai ta wannan hanya. Aka nemo motar wani maƙwabcina, ta tafi a kishingiɗe, ni ma na bi su.

Me ya faru a jikinta

Mu Hausawa borin jini muke cewa idan jiki ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi, wasu kuma yanzu suna cewa alaji. Kalmar ta asibiti wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro ta a 1906. Abin da take nufi shi ne garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba. Ga dubban mutane riɗi abinci ne. Ga wannan yarinya, jikinta ya riga ya ƙera wani makami na musamman a kansa, wanda ake kira IgE, da masana suka gano a tsakanin 1966 da 1967. Makamin yana manne ne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata da hanci da huhu da hanji, cike da sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne histamin. Haɗuwar farko da abin ba ta nuna komai, shiri kawai jiki yake yi. A haɗuwa ta gaba ne ƙwayoyin suke zazzage abin da ke cikinsu, cikin 'yan mintoci, da wuya ya wuce awa 2.

Histamin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama. A fata shi ne ruɗu-ruɗun. A hanci shi ne atishawa da yoyon majina. Idan abin ya tsaya nan, damuwa ce kawai. Amma idan ya kama maƙogwaro ya kumbura shi, ko ya matse hanyoyin iska na huhu, ko jijiyoyin jiki duka suka saki har jini ya faɗi, to an shiga abin da ake kira anafilaksis. Sunan ɗaya muke ba su a gida, borin jini, alhali ɗaya ƙwaya guda ke maganinsa, ɗayan kuma yana iya kashewa kafin a kai bakin titi.

Shi ya sa ban fara da abin da Iya ta nema ba. Piriton histamin kaɗai yake tarewa, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jini, kuma ƙwayar takan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ta fara aiki. Deksa da ɗan'uwansa hidirokotizon sai bayan awoyi ake ganin amfaninsu. Adirinalin kuwa cikin mintoci yake matse jijiyoyin da suka saki, ya buɗe huhu, ya rage kumburin, ya kuma hana ƙwayoyin nan ci gaba da zuba. Na san abokan aiki da yawa da suke tsoronsa, suna ganin maganin zuciya ne na manyan likitoci. A naman cinya, da ma'aunin da ya dace, haɗarinsa kaɗan ne. Jinkirin yin sa shi ne abin tsoro.

Tarihin da ba a taɓa tambaya ba

Kwana huɗu bayan sallamarta na je ƙauyensu da kaina. Mahaifiyarta ta gaishe ni daga bayan zana ta koma ɗaki. Yarinyar 'yar fari ce, uwar ba ta kama sunanta, balle ta zauna ta ba da labarin lafiyarta gaban baƙo. A hannun kakar ta tashi tun yaye, don haka duk abin da na samu daga bakin Iya na same shi, muna zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"Kishiyar tawa tun tana tsumma take da masifar fata," ta ce. Tun tana wata uku kumatunta da bayan gwiwa da lanƙwasar hannu suke bushewa, su tsage, su yi ruwa, ta kwana tana susa. An yi maganin ƙazuwa ba a dace ba, kuma ba wanda ya ɗauka a gidan, wanda da ƙazuwa ce da ta zagaye kowa. Wannan ita ce cutar fatar da ake kira ekzima. Na tambayi abin da aka riƙa shafa mata. Ta ce man kaɗanya, in babu kuma man riɗi, tunda suna da shi a gida.

Nan na yi shiru na ɗan lokaci. Masana suna da hujja mai ƙarfi cewa jariri mai tsagaggiyar fata yakan iya ɗaukar gaba da abinci ta fatar, tun kafin abincin ya taɓa shiga bakinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban faɗa wa Iya haka kai tsaye ba, don ba zan iya rantsewa cewa ta nan abin ya shiga ba, kuma matar nan ta yi ne da abin da hannunta ya kai gare shi, cikin ƙauna. Abin da na ce mata shi ne kada a shafa wa ƙanin yarinyar man riɗi ko man gyaɗa, shi ma da fatarsa ta fara bushewa. A tsaya ga basilin fari marar ƙamshi.

Wani zai ce, yaya za a yi 'yar manomin riɗi ta kai shekara 10 ba a gane ba? Amsar tana cikin yadda ake noman. A wannan yanki riɗi amfanin sayarwa ne, buhu-buhu yake tafiya kasuwar Maigatari ranar Alhamis, abin da ke shiga tukunya kaɗan ne. Ɗan abin da ke shiga kuma yarinyar ba ta ci. Tun tana ƙarama in an ba ta kantu sai ta tofar ta ce yana yagar mata baki. In an yi miyar riɗi sai ta ci tuwonta gaya ko ta kwana da yunwa. An yi mata faɗa, an ce tsirfa ce da iyayi. Yaro ba zai ce maka harshena yana kumbura ba. Cewa zai yi abin yana da yaji, ko yana cizo, ko dai ya ƙi ci. Ranar biki ƙawayenta ne suka yi ta mata dariya har ta ci guda biyu, sannan ta shiga fili ta yi ta tsalle. Motsa jiki bayan cin abin yana ƙara tsananta tashin.

Kuma duk shekara, lokacin da ake kakkaɓe riɗi a kan tamfol, in ta taya aiki sai hannuwanta su yi ruɗu-ruɗu. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

A nan dole in faɗi nawa. Da na koma na buɗe rijistarmu, na ga an kawo mini yarinyar nan sau biyu a shekarar da ta gabata. Da hannuna na rubuta ƙurajen borin jini, na ba da piriton, na kira na gaba. Ban tambayi me ta ci ba, ko me ta taɓa, ko ƙarfe nawa abin ya fara. Tambayoyi uku ne da ba su cin ko sisi, da na yi su wataƙila da ba ta kai ga daren nan ba.

Ƙaiƙayi biyu

Hausa ta ba dusar da ke tashi daga gero da dawa a masussuka suna ɗaya da abin da take sa wa jiki: ƙaiƙayi. Wannan ita ce matsala ta biyu ta yarinyar, kuma daban take da ta riɗi. Daga fara sussuka har ƙarshen hunturu tana cikin atishawa, hanci a toshe, ido yana ruwa tana murza shi, da dare kuma tari da kukan ƙirji har ta tashi zaune. A gida sanyi ake cewa, ana turara mata hayaƙin magani, wanda ƙara shaƙe ta yake yi. Asma ce tare da murar alaji. Haka abin yakan jero a wasu yara: fata tun suna jarirai, sai abinci, sai hanci da ƙirji. Yana kuma bin jini. Uban ya ce shi ma ba ya iya tsayawa inda ake sheƙa.

Wannan bai zama ƙaramin abu ba, domin mai asmar da ba a kula da ita ba ya fi kowa shiga haɗari idan abinci ya tayar masa. Huhun da ma a kumbure yake.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na ce a kawo mini duk magungunan da take sha. Iya ta fito da wata leda daga cikin kwalla, a ciki akwai ƙananan farare da aka saya a wani kemis ba takarda. Deksametazon ce. An fara ba ta ne don tari, aka ga in ta sha tana barci lafiya, sai ya zama kusan kullum, wata huɗu cur. Fuskarta ta yi zagaye, kumatu sun cika, maƙwabta suna cewa ta yi kyau ta murmure. Irin ƙwayoyin nan ne wasu ke haɗawa a abin da ake kira sha-ka-fashe. Ba ƙiba ta lafiya ba ce. Shan ta na dogon lokaci yana tsayar da girman yaro, ya raunana ƙashi, ya hau da jini da suga, ya iya lalata ido, ya kuma buɗe ƙofa ga wasu cututtuka. Abin da ya fi wannan, jiki yakan daina ƙera nasa sinadarin, don haka in aka yanke ta rana ɗaya mutum na iya faɗuwa. Uban da ya ji bayani ya so ya watsa ledar a masai nan take, na riƙe hannunsa. Likitan babban asibiti ne ya tsara yadda za a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan cikin makonni har aka daina.

Ba na ɗora wa mai kemis laifin shi kaɗai. An zo masa da yarinya tana tari, ya ba da abin da ya san yana kwantar da tari. Amma maganin da ke kwantar da komai yana kuma ɓoye komai, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da aka zaɓa, da abin da aka bari

Babban magani ga riɗi shi ne nisantarsa, kuma a ƙauye wannan ya fi wuya fiye da yadda yake a takarda. A Amurka tun 1 ga Janairun 2023 doka ta sa riɗi cikin manyan abinci 9 da dole a rubuta a jikin kwali, Tarayyar Turai ma tana da shi cikin nata 14. A nan kuwa wa zai rubuta maka abin da ke cikin yajin da aka ƙulla a leda? Muka zauna da Iya muka lissafa da baki: kantu da alawar riɗi, miyar riɗi, kwaɗon da wasu ke barbaɗa masa, biredi mai riɗi a kai, man riɗi na ci da na shafawa, da haɗe-haɗen man gargajiya da ake sayarwa a kasuwa. Dahuwa ko suya ba sa kashe abin da ke tayar mata. Turmi da taɓaryar da aka daka riɗi, da injin niƙa, duk suna iya ɗaukar saura. Yanzu gidan suna da ƙaramin turmi da ba ya taɓa riɗi.

Sai na yi fama da ɗaya ɓangaren. Tsoro ya sa uban ya yanke hukuncin a hana ta gyaɗa da ƙwai da kifi da nono da wake, don wani ya ce masa duk suna tayar da borin jini. Na ce, "Malam, jiya me ta ci da safe?" Ya ce kunun gyaɗa. "Ya yi mata wani abu?" Ya ce a'a. To abin da take ci lafiya ta ci gaba da ci. In ka cire waɗannan daga abincin yarinyar ƙauye, me ya rage sai tuwo da miyar kuka? Tamowa za ka saya da hannunka. Bayan haka, daina cin abin da jiki ya saba da shi na dogon lokaci kan iya sa jikin ya juya masa baya. Wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2015, ya bi jarirai 640 masu ekzima mai tsanani ko alajin ƙwai; waɗanda aka fara ba gyaɗa da wuri sun samu raguwar alajin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Don haka ƙaninta ma ba a hana shi kunun gyaɗa ba da ya isa fara cin abinci. Riɗi ne kaɗai muka ce gwajinsa na farko a harabar asibiti za a yi, ina kusa.

Ga hanci da ƙananan ƙuraje, an canja mata daga piriton zuwa setirizin, saboda piriton yana sa ta gyangyaɗi a aji. A lokacin sussuka da hunturu tana amfani da maganin fesawa a hanci kullum, tana kuma wanke hancin da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce. Ga ƙirji an ba ta abin shaƙa iri biyu: shuɗi na lokacin da numfashi ya kama, da mai ruwan ƙasa na safe da yamma ko da tana lafiya. Iya ta ce ta ji an ce wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita. Uban kuma ya ce, ba ka ce irin wannan maganin ne ya kumbura mata fuska ba? Tambayarsa tana kan hanya. Dangi ɗaya ne, amma na shaƙa ɗan mitsitsi ne da ke sauka a huhu kai tsaye, ƙwayar kuwa jiki duka take zagayawa. Sai dai ta kurkure baki bayan kowace shaƙa.

Robar da na ambata ba dabarar talauci ba ce kawai. Wani bincike da aka yi kan yara a Afirka ta Kudu, aka wallafa a 1999, ya nuna robar ruwa mai rabin lita tana aiki kamar bututun da ake sayarwa. Ana huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, a liƙe da kyau, yaro ya kama bakin robar, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida. Na sa Iya ta yi a gabana har sau uku kafin na yarda ta iya.

Akwai gwaje-gwaje. Ana ɗiga ruwan abin da ake zargi a hannu a ɗan tsaga fatar, a jira minti 15 zuwa 20 a ga ko wurin zai tashi. Ko a ɗebi jini a auna IgE. Sai an je manyan asibitoci ko ɗakunan gwaji na birni irin Kano. Gwajin kuma ba alƙali ba ne shi kaɗai, mutum na iya nuna alama a gwaji alhali yana cin abin lafiya, shi ya sa tarihi yake gaba. A nata lamarin tarihin ya isa a yanke hukunci. Abin da na yi kashedi a kai da babbar murya shi ne kada wani ya ce bari a ɗan ba ta kaɗan a gani ko ta warke. Alajin madara da na ƙwai yara da yawa sukan rabu da su in sun girma, na riɗi da na gyaɗa kuwa yawanci suna zama.

Akwai kuma hanyar saba wa jiki da abin a hankali, wadda wani likita, Leonard Noon, ya fara a Landan a 1911 kan masu murar furen ciyawa. Tana ɗaukar shekara 3 zuwa 5, tana aiki sosai ga masu alajin harbin zuma. A Amurka an amince da irin ta ga gyaɗa a 2020, an kuma amince da allurar omalizumab ga masu alajin abinci a 2024. Na gaya wa uban akwai su don kada ya ji a wani wuri ya zaci na ɓoye masa, amma ba abin da za mu gina shirinmu a kai ba ne.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne adirinalin a gida. A ƙasashen da ke da hali, yaro irin ta yana yawo da allura mai harba kanta guda biyu. A nan tana da tsada, samunta da wuya, tana ƙarewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ga zafin bazararmu da ke wuce digiri 40. Na yi tunanin ba su kwalba da sirinji, na fasa. Kwalba ɗaya ta ninka abin da take buƙata fiye da sau uku, kuma na ga yadda hannun uban yake rawa a daren nan. Sai muka samu wata ma'aikaciyar lafiya da ke aure a ƙauyen, na sake koya mata ma'aunin, kwalba biyu suna wurinta a gwangwani kusa da randa, inda ba rana. In ruwan ya canja launi a zubar. An rubuta alamomin haɗari a kati, da boko da ajami: dishewar murya, kumburin harshe, wahalar numfashi, amai a kai a kai, jiri ko suma. Ko ɗaya aka gani bayan cin abu, ba a tsaya ba da manja ko nono ko shafa toka, a yi addu'ar ana gudu.

Ita kanta yarinyar sai da muka nema mata abin faɗa. A wurinmu yaro ya ƙi karɓar abin da babba ya miƙo masa raini ne. Muka yi ta maimaitawa har ta haddace: "Na gode Baba, Likita ya hana ni riɗi." Iya ta zagaya gidajen dangi da kanta, uban ya gaya wa malamin Islamiyya da shugaban makarantarsu.

Sau ɗaya aka yi kuskure tun daga nan. Wani kawunta ya zo da tsarabar biredi daga kasuwa, an karkaɗe riɗin da ke kai aka ba ta. Leɓenta ya ɗan tashi, wuyanta ya yi ƙuraje, numfashi da murya lafiya lau. Suka ba ta setirizin suka kawo ta a motar maƙwabci ba tare da jira ba. Na riƙe ta awa huɗu ina dubawa, adirinalin yana zuƙe a sirinji a kan tebur, ba a kai ga amfani da shi ba.

Uban bai daina noman riɗi ba, ban kuma ce ya daina ba, da shi yake ciyar da gidan. A gona yake kakkaɓewa yanzu, buhunan suna ɗakin ƙaninsa, yana canja riga ya wanke hannu kafin ya shiga gida. Ranar sussuka yarinyar tana wuni gidan gwaggonta a ɗaya unguwar. Kumatun sun sauka. Layin da na ja da biro a jikin ƙofar asibiti daidai kanta ya koma daidai girarta. Hunturun bana sau biyu kacal ta nemi shuɗin abin shaƙa da dare. Ya ce in ya sayar da zoɓo zai kai ta Kano a yi gwajin, na rubuta masa takardar tura mara lafiya tana aljihunsa. Kwalaben da ke wurin ma'aikaciyar nan za su ƙare kafin faɗuwar damina, na riga na sa su cikin jerin abin da zan nema a wata mai zuwa, tare da tukunyar oksijin da nake rubutawa duk wata.